Tangaɗin Baba

Akwai sunan da ake kiran gidanmu da shi a ƙauye, wanda ba a faɗa a gabanku amma kun sha jin sa a bayan ido: gidan Tangaɗi. Ke Ramatu kin taɓa dawowa daga hutu kina kuka, kika ce wata yarinya a bakin rijiya ta kira ki jikar mashayi, ni kuma na ce ki share hawayenki, maganar yara ce. To, ba yara suka fara ta ba. Manya suka fara ta, kuma ni ubanku ina zaune a wurin ranar da aka rataya wa kakanku ita, da bakina da karatuna da komai, ban cire masa ba. Yanzu idona ya fara dushewa, biro ma sai na riƙe shi da ƙarfi kafin ya tsaya, shi ya sa na tsallake labarin yarintata da na lakol, wato makarantar boko, na zo kan wannan shekarar. Sauran in ban kai gare su ba, babu wanda ya yi asara.

Kakanku Malam Garba shi ne ladanin masallacin ƙauyenmu, can ƙasar Gidan Sori, a bakin gulbi. Kakanninsa masunta ne da suka ƙetaro daga wajen Katsina da tarunsu a ka, kuma ko da yake shi da ubansa duk a nan aka haife su, in rigima ta tashi sai an sami wanda zai tuna mana cewa mu baƙi ne. Kiran salla shi ya zaunar da mu da gindinmu a garin. Fiye da shekara ashirin yana hawa matakalar ƙasa da ke jikin masallaci, taku tara ne, na sha ƙirga su, tun ba a san lasifika ba a wajenmu. Muryarsa tana kaiwa har gonakin hayin gulbi. Mata da ita suke sanin lokacin ɗora tukunya, Fulanin da ke tungar gabas da ita suke kora shanu. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da doki, ba shi da rigar da za a juyo a kalla. Abin da yake da shi ke nan: in an ce Ladan, kowa ya san mutumin da ba a taɓa jin wani abu a kansa ba.

Kafin ladanci ya yi sana'ar su, wato kamun kifi, kuma har ya bar duniya bai rabu da kifi ba. In Inna ta dafa karfasa, kan nasa ne, babu mai taɓawa. Zai fasa shi a hankali, ya sa yatsa ya zaro wasu 'yan duwatsu biyu farare, kamar tsakin shinkafa, ya goge su a gefen riga ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ka ga waɗanga, Sanusi? Su ne ma'aunin kihi. Da su shika sanin ina sama ina ƙasa, ko cikin ruwan da ba ka ganin hannunka. Kihin da anka taɓa mai su, sai ka gane shi shina juyi wuri guda, bai san inda za shi ba."

Ina yaro na tara su a gwangwanin madara. Da na shiga lakol na raina maganar, kamar yadda na raina duk wata magana da ba ta zo mini da Faransanci ba.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda ta biyo bayan babban taron ƙasa da aka yi a Yamai, lokacin da jam'iyyu suka tsiro kamar ciyawar farkon damina. Ku da kuka tashi kuka tarar ana zaɓe ba za ku gane yadda kanmu ya kumbura ba. Mutumin da jiya ba ya iya ɗaga ido ya kalli jandarma, yau shi ne a kan benci yana faɗa wa gwamnati yadda za ta yi. Ni a lokacin ina koyar da ilimin halittu a kwalejin Gidan Rumji, ina da shekara talatin da 'yan kai, ina da tabarau da babur, kowa yana ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakol da Faransanci. Ban taɓa jin an yi tambaya na ce ban sani ba. In ban san amsa ba sai in ƙara yawan Faransanci har mai tambayar ya gaji.

A cikin wannan hayaniya Baba ya kama tari. Ya rame, zufa na jiƙa masa riga, har ranar da Yaya Hajo, babbar yayata da ke aure a gidan da ke bayan namu, ta ga jini a ƙasan inda ya tofa. Muka ɗora shi a amalanke zuwa Gidan Rumji. Manjo, wato shugaban ma'aikatan asibitin, dattijo ne marar son wasa. Ya sa aka duba kakin, ya ce tarin fuka ne, ana warkewa in an bi ƙa'ida: allura kullum har wata biyu tare da ƙwayoyi, daga nan a bar allura a ci gaba da ƙwayoyin kaɗai. Ƙauyenmu da nisa, malamai kuma muna yajin aiki, lakol a rufe, don haka ya yarda ya koya mini yadda ake yi. Ya nuna mini yadda ake dafa sirinji, da inda ake sokawa, ya ba ni kwalabe daidai na wata biyu. Har na kai ƙofa ya sake kirana.

"Mushe, ka saurare ni. Allurar nan tana da ƙarfi, shi kuma tsoho ne. In ya ce kunnensa na ƙara, ko yana jin jiri, ka tsaya nan take ka kawo mini shi. Kuma ranar da kwalaben nan suka ƙare, an gama ke nan."

Na ce na ji. Gaskiya kuwa ban ji ba, ina tunanin yadda zan shiga ƙauye da jakar allura a bayan babur.

Wata biyu suka cika, jinin ya tsaya, amma Baba yana nan a rame, yana ɗan tari da safe. Ku sani, a wajenmu a wancan zamanin ƙwaya ba magani ba ce. Magani shi ne wanda ya shiga da zafi. Mutum zai je asibiti, in ba a soka masa allura ba ya dawo yana cewa ba a duba shi ba. Ranar da na wanke sirinji na ajiye, Inna ta tsaya a kaina da muciya a hannu.

"Shi ke nan? Mutum ya yi tari da jini, a bar shi da ƙwaya kamar mai ciwon kai? Kai da kay yi karatu, ba ka iya samo mai wata?"

Ba na ɗora wa Inna ko ƙwayar zarra ta laifi. Ita abin da ta tashi ta gani ta faɗa. Ni ne aka yi wa kashedi da bakin manjo, ni ne na iya karanta takardar da ke cikin kwali. Amma maganar "kai da ka yi karatu" ta yi mini daɗi. Ranar kasuwar Jibiya na hau babur na ƙetara iyaka, na sami mai tebur da ke sayar da irin kwalaben, na cika jaka. Na dawo na ci gaba da yi masa, kuma da na ga yana jurewa sai na ƙara yawan abin da nake zuƙowa, don in gama da cutar gaba ɗaya. Bayan kamar mako uku, ina goge masa wurin da auduga, ya ce da ni a hankali:

"Sanusi, kunnena shina kuka, kamar an sa man gyare ciki. In na juya kai kuma, sai duniya ta biyo ni daga baya."

"Maganin ne ke faɗa da cutar, Baba. Alamar yana aiki ke nan."

"Tau. Kai kas sani."

Ya gyara wandonsa, ya dafa bango ya miƙe. Na ci gaba da yi masa har kwalaben Jibiya suka ƙare, fiye da wata guda bayan wannan magana.

Tarin ya tafi, jiki ya dawo, gari ya ɗauka cewa Mushe ya fi manjo. Mata suka fara kawo mini yaransu in duba. Wani Alhaji Mamman, dillalin hatsi wanda shi ne jigon ɗaya daga cikin jam'iyyun a yankinmu, ya aiko a kira ni. Ya ce suna neman matashi mai ilimi da mutane suka yarda da shi, za su tura sunana a matsayin mataimakin ɗan takararsu na majalisa. A kowane taro sai ya ɗaga hannuna ya ce ga yaron da ya tashi ubansa daga bakin kabari, haka zai tashi ƙasa. Ni kuwa in sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali kunnena a buɗe yake ina jiran tafi.

Ana cikin haka Baba ya fara tangaɗi. Abin da ya rikita mutane shi ne ba kullum ba ne. Da rana tsaka, a kan ƙasa mai tauri, zai yi tafiyarsa, sai dai ya ɗan buɗe ƙafafu yana kallon gabansa. Amma da asuba, kafin gari ya waye, sai ya fita daga zaure ya nufi masallaci ya ƙare a jikin dangar maƙwabta. Sau biyu yana faɗowa daga matakala, na biyun har ya fasa goshi. In kuma ya taka rairayi, ko da rana ce, sai ka ga kamar ana tura shi dama da hagu. A hayin gulbi akwai wata unguwa da ake dafa burkutu, kuma a can wani tsohon abokin sunsa yake, yana kwance ba lafiya. Wata ranar Alhamis da yamma Baba ya je gaishe shi. Da zai dawo sai ya bi ta cikin rairayin gulbi, masu ɗiban ruwa suna kallo, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi, ya ƙaraso da rarrafe. Kafin magariba babu gidan da labarin bai shiga ba. Ya rantse, aka ce ai mashayi ma yana rantsuwa. Wasu suka ce sun ji wari. Ƙarya suke yi, Allah ya yafe musu, amma ni ne na ƙarshen wanda zai kira wani maƙaryaci a wannan labari.

A lokacin an janye yajin aiki, na koma Gidan Rumji, sai ranar hutu nake zuwa gida. A ɗakin ajiye littattafan kwalejin akwai tarin tsofaffin mujallun kimiyya da wani Bature da ya taɓa koyarwa a can ya bari, gara ta fara cin su. A cikin ɗaya na ci karo da labarin da ya tafi da hankalina. Wai an taɓa ɗaukar ƙananan kifaye a cikin jakar ruwa aka tafi da su sama a kumbon 'yan sama jannati, can inda abu ba ya da nauyi, inda in ka saki cokali sai ya tsaya a gabanka. Da suka isa, kifayen suka kasa iyo a miƙe. Sai su dunƙula kai ƙasa su yi ta wulwulawa suna zagaye a wuri ɗaya. Dalili kuwa, in ji mujallar, a cikin kunnen kifi akwai 'yan duwatsu da ke zaune a kan wasu gashi masu laushi da ido ba ya gani. Nauyin dutsen ke danna gashin, gashin ya gaya wa ƙwaƙwalwa ga ƙasa. A can sama dutsen ba ya danna komai, sai kifi ya rasa inda ƙasa take. Bayan 'yan kwanaki kuma sai suka sami dabara: suka riƙa juya bayansu ga fitila, suka mai da haske shi ne sama. Na karanta, na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe tsohon nan da duwatsunsa yana da gaskiya. Ko a lokacin ban haɗa komai da komai ba. Abin da na gani kawai shi ne darasin da zai sa a yi maganata a gari.

Ranar kasuwa na sayi kawunan karfasa, na kai aji na raba wa ɗalibai da reza. Ajin ya cika da ƙarni da ihu, kowa na neman nasa dutsen. Na hau allo na zana kumbo, na zana kifi yana zagaye, na zana kunnen mutum, na ce mu ma muna da irin wannan ma'auni, sai dai namu duwatsun ƙanana ne kamar gari. Ina jin daɗin muryata ƙwarai. Na ce in ma'aunin nan ya lalace wa mutum, sai ya koma kamar kifin nan, ya dogara da idonsa da tafin ƙafarsa. In akwai haske kuma ƙasa na da tauri, zai lallaɓa ya yi tafiya. In ka ɗauke masa haske, ko ka sa shi a kan rairayi...

A nan na tsaya, alli yana hannuna. Sannan na ce su kwashe kawunan kifin su wanke tebura, na fita na bar su.

A ɗakina akwai kwali ɗaya na Jibiya da na ajiye ina zuba allurar ɗinki da maɓallai. Takardar na ciki, a naɗe yadda ta zo. Na warware ta. Ga shi nan da Faransanci da Turanci, da ƙananan haruffa: maganin yana iya lalata sashen kunne mai riƙe da daidaiton jiki, musamman ga tsofaffi, musamman in an daɗe ana yi ko an wuce ƙima, kuma alamun farko su ne ƙarar kunne da jiri. Washegari na je wurin manjo, na zauna muka yi hirar siyasa, sannan na kawo maganar a kaikaice, na ce wani ne a ƙauyen su wani ɗalibina aka yi masa allurar wata uku da wani abu, yanzu yana tangaɗi, ko akwai magani.

"Babu. Abin da ya mutu a cikin kunnen nan ba ya dawowa. Zai koyi tafiya da sanda da fitila, shi ke nan. Wane jahili ne ya yi masa wannan aiki? Irin waɗannan jandarma ya kamata a kira musu."

"Wani ɗan ƙauye ne," na ce.

"Ya jikin Ladan?"

"Da sauƙi ƙwarai. Yana gaishe ka."

Kwana goma bayan haka Liman ya aiko cewa dattawan masallaci suna son ganin mu bayan la'asar. Kwana goman nan ina da su a hannuna. Ina iya hawa babur in je in durƙusa gaban Baba. Ban je ba. Na zauna ina lissafin abin da zai biyo baya in na buɗe baki: yaron da ya tashi ubansa daga bakin kabari zai koma yaron da ya nakasa ubansa da allurar kasuwa, 'yan ɗaya jam'iyyar za su sa ni a waƙa, Alhaji Mamman zai cire sunana, wataƙila ma aikin ya tafi. Na gaya wa kaina cewa bayan zaɓe zan gyara komai. Saura wata biyu ne kawai, na ce, mutuncin shekara ashirin ba zai rushe a wata biyu ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin bedin ƙofar masallaci, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro. Dattawa bakwai ne, sai Liman, sai Baba a gefe da tabo a goshi, sai ni da tabarau. Jama'a sun tsaya daga nesa kamar ba sa kallo. A cikin dattawan akwai masu son a ba wani nasu ladancin, kowa ya sani, don har masallaci siyasa ta shiga a shekarar. Amma Liman mutumin kirki ne, tare suka yi yarinta da Baba, kuma na ga alama yana neman ƙofar da zai fitar da abokinsa. Bayan an yi ta zagaye-zagaye, sai ya juyo gare ni.

"Mushe, kai Allah ya ba karatun zamani, kuma kai kay yi jinyar mahaihinka. Ka hwaɗa muna tsakaninka da Allah. Akwai wata cuta da ka sa mutum tangaɗi da asuba, ko cikin rairai, amma da rana shi yi tahiyatai lahiya lau? In akwai, mu mun yarda da maganarka, magana ta ƙare nan."

Ko yau in na rufe ido ina jin kukan kurciyar da ke kan bedin nan. Amsar tana bakina, da zanen allo da komai, kwana goma kacal da na koyar da ita ga yara arba'in. Na cire tabarau, na goge shi da bakin riga, na mayar.

"Allah gafarta Malam, ni dai a karatuna ban ci karo da irinta ba."

Baba ya ɗago ya dube ni. Babu fushi a idonsa, kallo ne irin wanda yake yi wa sama in yana son ya san ko lokacin salla ya yi. Sannan ya dafa gindin bedin ya miƙe a hankali.

"Liman, kar a wahal da kowa. Ni na aje kiran salla. Ku ba wanda ƙahwahunai ka ɗaukar shi."

Ya juya ya nufi gida, yana bin jikin katanga da hannu ɗaya. Ban tashi na riƙe shi ba, don kada a gan ni ina tallabe da mashayi. Yaya Hajo ce ta fito daga cikin mata ta kama masa hannu. Da na shiga gida daga baya ta tare ni a zaure.

"Kai Sanusi, tun da kaf fara sokin tsohon nan da allurar Jibiya nis san ba lahiya. Ni ban yi lakol ba, amma ina da ido. Mi kas sani da ba ka hwaɗi ba?"

Na ce mata ta bar maganar da ba ta fahimta. Da Faransanci na faɗa, don ta ji ciwo.

Zaɓe ya zo ya wuce. Tun kafin a kai sunaye Yamai, Alhaji Mamman ya kira ni gefe ya ce in yi haƙuri, manya sun ga cewa ɗan mashayi ba zai jawo musu ƙuri'ar masallatai ba. Kun ga cinikin da ubanku ya yi. Kuna tsammanin daga nan zan je in faɗi gaskiya, tunda babu sauran abin da zan rasa. Ban je ba. Da can tsoron allurar nake ji, yanzu kuma sai ga ƙaryar gindin bedi ta hau kanta, ita ma sai na amsa ta a gaban mutanen da na yi wa. Kowace shekara abin yana ƙara nauyi. Na nemi a mai da ni garin Agiye, nesa da gida, na ce don ci gaban aiki ne.

Baba ya rayu shekara shida bayan haka. Ya yanki sanda, ya sayi tocila, ya koyi tafiya yana kafa ido a kan abu guda har ya kai gare shi. Bai fasa salla a masallaci ba ko sau ɗaya, amma a sahun ƙarshe yake tsayawa, kusa da bango, yana sauraron wani yana kiran da ba ya kai ko bakin kasuwa. Waɗanda da suke durƙusawa su gaishe shi suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. An daina kiran sa raɗin suna. Inna ta daina zuwa biki, don ta gaji da matan da ke yin shiru in ta shigo.

A damanar ƙarshe ta rayuwarsa na zo hutu, Inna ta dafa karfasa da rana, muka zauna ni da shi a zaure. Haƙoransa sun zube, da dutsen guga ya fasa kan. Ya daɗe yana lalube da yatsa kafin ya zaro su. Ya goge a riga, ya kamo hannuna ya buɗe, ya ɗora mini kamar ina ɗan shekara bakwai.

"Nawa sun tahi tun allurar Jibiya, ko ba haka ba?"

Na kasa ɗaga kai.

"Na sani tun ranar da gyaren nan yaf fara kuka. Ni masunci ne, Sanusi, na san kihin da anka taɓa ma kai."

"Baba, don me ba ka faɗa ba? Ranar nan, gaban Liman?"

"Kai anka tambaya."

Ya tsotsi ƙashi, sannan ya ce:

"Kuma in na hwaɗi, ɗana za su kama. Nic ce bari in jira, wata rana shi da kainai za shi hwaɗi. Ci abincinka, shina hucewa."

Na yi kuka, na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun tuni. Na yi masa alkawari cewa Juma'a mai zuwa zan tashi a masallaci in faɗi gaskiya. Juma'ar ta zo ta same ni a Agiye. Bayan wata huɗu ya rasu. A wurin zaman makoki wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce Allah ya gafarta wa Malam Garba, ya yafe masa abin da ya sha. Jama'a suka ce amin. Ni ma na shafa.

A bara, bayan na yi ritaya da daɗewa, na sa ɗan'uwanku Habibu ya kai ni ƙauye ranar Juma'a. An rushe tsohon masallacin an gina na siminti, matakalar babu ita, lasifika huɗu ne a sama. Bayan an sallame na roƙi limamin yanzu, jikan wancan ne, ya ba ni minti biyar. Na tsaya na faɗi duk abin da kuka karanta a nan, da allurar, da kifin, da amsar da na ba Liman. Mutane suka saurara cikin ladabi, irin sauraron da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa. Duk waɗanda suka zauna a gindin bedin nan sun mutu, Inna ta mutu, Yaya Hajo ta mutu. Da na gama, wani magidanci a sahun gaba ya juya ga na kusa da shi, na ji shi da kunnena yana tambaya wane Ladan ne ake magana. Ɗayan ya ce masa, na gidan Tangaɗi.

Don haka ku ne kaɗai kuka rage mini in gaya wa. Duwatsun nan biyu suna cikin gwangwanin da ke ƙasan akwatina, a naɗe cikin takardar maganin, kada wanda ya zubar in ana raba kayana. Ramatu, in kin sake zuwa ƙauye wata ta kira ki jikar mashayi, kada ki yi kuka, kuma kada ki share. Ki tsaya ki gaya mata cewa Malam Garba ladan bai taɓa kai giya bakinsa ba, ɗansa ne ya lalata masa kunne da allura, aka tambaye shi a gaban jama'a ya ce bai sani ba. In ta ce wane ɗan, ki faɗi sunana.